Watan da Duniya Ta Fi Nisa da Rana

Maiyama,
19 ga Fabrairu, 2024.

Zuwa ga ɗiyata Naja'atu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da karatu da mutanen Nsukka. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ba ta rasa ƙorafi. Na ga mahaifiyarki a Jega ran Asabar, tana nan garau, ta ce in na rubuto in tuna miki ki riƙa cin abinci a kan lokaci.

Albasa ta yi kyau bana. Aliero ko wurin aje ƙafa babu, motoci sai lodi suke yi. Cikinsu akwai ta Murtala ɗan maƙwabcina, wanda ya ce yana sauke buhuna a kasuwar garinku kafin ya wuce Inugu. Shi zai kira ki ya ba ki takardar nan. Kin san kunnena da waya ba sa shiri, kuma abin da zan tambaya ina son amsarsa a rubuce, yadda zan iya nuna wa wani.

Akwai kalmar nan ta masu ilimin taurari, afiliyon. Ma'anarta na sani: wurin da duniya ta fi nisa da rana a cikin kewayen da take yi. Abin da nake so ki tabbatar mini shi ne watan. Ni dai shekara ashirin da tara ina koya wa yara cewa cikin sanyi ne, Disamba ko Janairu, don hankali ma ya ba da haka. Wata 'yar gardama ce ta taso tsakanina da wani, ba wani abu ba ne.

Na zo gare ki ba don kakana da kakan mahaifiyarki wa da ƙane ne kawai ba. Ni na kama hannunki kika rubuta harafin farko a zauren gidanku, lokacin da nake koyarwa a Jega. Yau ga shi kina digiri na uku a kan sararin samaniya. In mutum ya shuka itace, ba laifi ba ne ya zauna inuwarsa.

Ki ba Murtala amsa in zai dawo.

Kawunki,
Tukur.

Nsukka,
2 ga Maris, 2024.

Kawu,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarka da ƙullin albasar da ka haɗo, Allah ya saka da alheri. Ina lafiya. Allah ya ba gwiwa sauƙi. Ka ce wa Inna ina cin abinci har na yi ƙiba.

Kawu, ma'anar da ka faɗa daidai take. Kalmar daga Girkanci ta fito, gaɓa biyu ce: ta farko tana nufin nesa da, ta biyu tana nufin rana. Hanyar da duniya ke bi tana kewaya rana ba da'ira ce cikakkiya kamar faifai ba, ta ɗan miƙe kaɗan, kuma rana ba a tsakiyarta take daidai ba. Saboda haka akwai wurin da muka fi kusa da ita, akwai wurin da muka fi nisa. Mafi nisan shi ne afiliyon. Wata ma yana da irin nasa a kewayen da yake yi wa duniya, sai dai shi afoji ake ce masa.

Amma watan ba Janairu ba ne. Farkon Yuli ne, wajen uku zuwa shida ga wata, kowace shekara. A lokacin tsakaninmu da rana kusan kilomita miliyan ɗari da hamsin da biyu ne. A farkon Janairu kuwa, lokacin da kuke rawar ɗari a Maiyama, a lokacin ne muka fi kusa da ita, kusan miliyan ɗari da arba'in da bakwai.

Na san abin zai zo maka bambaraƙwai. Dalilin shi ne ba nisa ke kawo sanyi da zafi ba, bambancin nisan bai kai ya kawo ba. Karkatar duniya ce. Ka ɗauki albasa guda ka soke ta da tsinke, ka karkata tsinken, ka kewaya fitila da ita ba tare da ka sauya karkatar ba. Za ka ga wani lokaci rabin sama ne ya fi fuskantar haske, wani lokaci rabin ƙasa. A Janairu ɓangarenmu na arewa ne ya kauce, hasken yana zuwa mana a kaikaice, sai sanyi. A daidai wannan lokacin mutanen Afirka ta Kudu zufa suke yi. Da nisa ne, ai da duk duniya lokaci ɗaya za ta ji sanyi.

Kada abin ya dame ka. Tsohon kuskure ne, mutane da yawa suna yinsa, har da malaman da suka daɗe suna koyarwa. Ka ce wa abokin gardamarka in Yuli ya faɗa, to shi ya ci.

Azumi ya matso, Allah ya nuna mana lafiya. Ka gaida mutanen gida.

Ɗiyarka,
Naja'atu.

Nsukka,
20 ga Afrilu, 2024.

Kawu,

Barka da shan ruwa, barka da Sallah, duk a haɗe tunda ban samu yi maka ko ɗaya ba. Ina fatan kana lafiya. Ni lafiya lau, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Murtala ya zo sau biyu tun bayan takardata, ba ya ɗauke da komai daga gare ka. Na tambaye shi, ya ce hannu da hannu ya ba ka, ka ce an gode. Ranar Sallah na kira wayarka sau huɗu, tana shiga ba a ɗauka. Na kira Inna, ta ce ka je Jega gaisuwar Sallah, ka zauna kamar minti goma, da aka ambaci sunana sai ka ce za ka tafi kada rana ta yi.

Kawu, na zauna na tuno duk abin da na rubuta. In akwai kalmar da ta fita ba da ladabi ba, don Allah ka yafe mini. Zama cikin masu lissafi ya sa bakina ya saba da faɗin abu kai tsaye, daidai ne ko ba daidai ba ne, na manta da wanda nake magana. Maganar albasa da fitila ma na yi nadamarta. Wace ce ni da zan ce wa wanda ya koya mini riƙe alƙalami ya ɗauki tsinke ya gwada?

Ko layi ɗaya ne ka rubuto, in san ba fushi kake yi ba. In ma fushin ne, in san shi ne.

Ɗiyarka,
Naja'atu.

Maiyama,
6 ga Mayu, 2024.

Naja'atu,

Salamu alaikum. Lafiyata ƙalau, gwiwa ma ta yi sauƙi da zafin nan. Takardunki biyu suna hannuna. Ba ki yi mini laifin komai ba. Ni ne na yi miki ƙarya, kuma yau zan warware ta.

Ba wani abokin gardama. Yarinya ce, ɗalibata, 'yar aji biyu na ƙaramar sakandare. Sunanta Munira. Mahaifinta makiyayi ne, rugarsu tana bayan Giwa Tazo, ita kuma tana zaune wurin goggonta a nan Maiyama don karatu. Ban taɓa koyar da yaro mai kaifin kai irin nata ba tun bayanki.

Ranar da na ce miki na ga mahaifiyarki a Jega, gasar kacici-kacici ta kai ni. Makarantun Jega da Aliero da Maiyama anka tara a babban zaure, wadda ta ci za ta wakilce mu a Birnin Kebbi. Alƙalai uku anka naɗa, ni ne na kimiyya. A zagayen ƙarshe munka yi kunnen doki da wata makarantar Aliero, tambaya ɗaya ta rage, ta faɗo kan Munira. A takarda abin da ke rubuce shi ne sunan wurin da duniya ta fi nisa da rana. Ban rufe baki ba ta ce, "Afiliyon."

Nan ya kamata magana ta ƙare, mun ci. Sai na ji tsoron kada a ce alƙali ya miƙa wa ɗalibarsa tambaya mai sauƙi. Sai na ƙara wutsiya daga kaina, wadda ba ta cikin takarda. Na ce, "A wane wata?"

Ta ce, "Farkon Yuli."

Na ce ba daidai ba ne. Ta tsaya, ba ta koma kujera ba. Ta ce, "Malam, a littafi na karanta."

Lasifika tana gabanta, duk zauren ya ji. Shugabannin makarantu suna zaune, manyan gari suna zaune, ga yarinya 'yar shekara goma sha huɗu tana ce mini a littafi ta karanta. Sai na ji wani abu ya taso mini. Na jawo lasifika na bar Turanci na koma Hausa, don kowa ya ji da kyau. Na ce, "Ke Munira, ko a ruga ai an san wanda ya matsa nesa da wuta shi ka jin sanyi."

Zaure ya kece da dariya, har da tafi. Na miƙa tambayar ga 'yan Aliero, sunka ce Janairu, na ba su maki. Su sunka tafi Birnin Kebbi.

Na rubuto miki ne don in samu takardar da zan kaɗa mata a gaban aji, daga hannun mai digiri. Amsarki ta same ni a ofishin malamai ran biyar ga Maris. Da na zo inda kika ce har da malaman da sunka daɗe suna koyarwa, sai na ce shi ke nan, labari ya kai Nsukka, ɗiyata ta ji abin da na yi tana yi mini hannunka mai sanda. Shi ya sa na kasa ɗaukar wayarki. Shi ya sa na kasa zama gaban mahaifiyarki.

Abin da ya fi wannan muni shi ne na ninke takardar na sa a aljihu na yi shiru. Mako uku ina shiga ajinsu da ita a aljihuna. Yara sun laƙaba wa Munira suna, Nesa-da-wuta. Ina jin suna kiranta haka a filin makaranta, ina wucewa kamar kurman gaske. Ta daina ɗaga hannu. Na yi azumi talatin da wanga abu a ƙirjina, kullum ina cewa gobe.

Yanzu an dawo hutu mako biyu ke nan, kujerarta babu kowa. Goggonta ta ce uban ya zo ya tafi da ita, ya ce karatun ya isa haka.

Ban san abin da nake so ki ce mini ba. Na dai gaji da riƙewa ni kaɗai.

Tukur.

Nsukka,
17 ga Mayu, 2024.

Kawu,

Na gode wa Allah da kake lafiya. Ni ma lafiya. Na karanta takardarka a tsaye a bakin motar Murtala, sai da ya ce in matsa za su sauke kaya.

Wallahi ban ji labarin Jega daga bakin kowa ba sai daga naka. Amma ba zan ce maka layin nan na malaman da suka daɗe suna koyarwa ba da kai nake ba, don da kai nake. Ga dalili.

Ni ma Janairu ka koya mini, a zauren gidanmu, har da misalin wutar. Na riƙe shi har jami'a. Shekarata ta farko a Sakkwato na rubuta shi a jarrabawa, malamin ya zagaye shi da jan biro ya rubuta mini in zo in same shi. Shi ya fara nuna mini karkatar duniya. Shekara goma sha ɗaya ke nan.

Da na dawo hutu ka zo gidanmu, ka zauna a kan tabarma ka ce, "To Naja, me anka koya muku wanda ban sani ba?" Kana dariya ka faɗa. Maganar tana bakina. Na dubi yadda Inna take kallonka, na dubi furfurar da ta fara fito maka, na ce a raina ba a gyara wa babba magana. Na ce maka, "Babu komai, Kawu, duk abin da ka koya mana ne." Ka ji daɗi, ni ma na ji daɗi da ka ji daɗi. Bayan nan mun haɗu ya fi sau ashirin. Na ɗauka ladabi nake yi. Ban taɓa tunanin ajin da kake shiga kowace shekara ba. Da na buɗe baki a ranar, da Munira tana kan kujerarta yau. Don haka kunyar nan ba kai kaɗai ke da ita ba, ka rage mini rabona.

Tunda shiru ya riga ya yi mana ɓarna sau ɗaya, bari in faɗi abin da ke raina, ka yafe mini. Maganar Janairu ƙarama ce, kowa yana kuskure. Maganar ruga ita ce babba, kuma ita ba kuskuren littafi ba ce. Kada ka aiki kowa, kada ka rubuta takarda. Ka je da ƙafarka. Ban san ko za su karɓe ka ba, amma ka je.

Ɗiyarka,
Naja'atu.

Maiyama,
12 ga Yuni, 2024.

Ɗiyata Naja'atu,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Ruwa ya sauka sau uku, an yi shuka, gero ya fara tsiro. Albasa ta ja baya, Murtala ya ce daga wannan zuwan sai ya samu lodi, don haka kada ki damu in kin ji ni shiru.

Abin da kika rubuta ya yi mini zafi kwana biyu. A rana ta uku na ce gaskiya ta faɗa. Na yafe miki shirunki, ko da yake ni ne na zama irin mutumin da ake jin nauyin gyara wa magana.

Na fara zuwa wurin shugaban kwamitin gasa. Ya saurare ni har ƙarshe ya ce, "Malam Tukur, bakin alƙalami ya bushe. An je Birnin Kebbi an dawo. In ka tono wannan, kanka za ka tona, da mu da munka zauna kusa da kai ba mu ce uffan ba. Saura shekara nawa ka yi ritaya? Ka bar kaza cikin gashinta."

Ran Asabar na hau kabu-kabu zuwa Giwa Tazo, daga nan na taka da ƙafa. Na tarar da Malam Ya'ƙub, mahaifin Munira, yana gyaran shingen garke. Dogon mutum ne marar yawan magana. Ya shimfiɗa mini tabarma ƙarƙashin aduwa, anka kawo fura da nono. Munka gaisa, na tambayi shanu, ya tambayi makaranta. Sai na fara gabatar da kaina.

Ya ce, "Na san ka, Malam. Ina cikin zauren."

Naja'atu, ludayin yana hannuna, na kasa kai shi baki, na kasa mayar da shi ƙwarya.

Ya ce, "Ta aiko mini cewa za ta yi gasa. Ban taɓa shiga taron boko ba. Na bar shanu hannun ƙanena, na sa rigata ta Sallah, na tsaya can baya kusa da ƙofa. Turancinku ban ji ko ɗaya ba. Abu ɗaya na ji a taron nan duka, wanda ka faɗa da Hausa. Mutumin da ke kusa da ni ya yi dariya har ya dafa kafaɗata."

Na ce masa ɗiyarsa ce ke da gaskiya, ni ne ban sani ba, kuma maganar da na yi ban da hujjarta ko da ni ne mai gaskiya. Na roƙe shi gafara. Ya kira Munira. Ta zo ta durƙusa daga nesa ta gaishe ni, idonta a ƙasa. Na maimaita mata abin da na faɗa wa ubanta.

Ta ce, "Na sani, Malam. Na sake dubawa ran Litinin da munka dawo."

Na ce, "Me ya hana ki kawo mini littafin?"

Ta ce, "Yana cikin kabad ɗin ofishinku. Kai ka ba ni makulli in share ƙura."

Littattafan da anka kawo mana kyauta ne shekara shida da sunka wuce. Ni ke riƙe da makullin. Ban taɓa buɗa ko ɗaya ba.

Na roƙi Malam Ya'ƙub ya bar ta ta dawo. Ya dubi garke ya ce, "Ni ban san rana tana nisa ko tana kusa ba, ba aikina ba ne. Abin da na sani, a gaban mutane ka ɗaure ta. Yanzu ka zo ƙarƙashin aduwa, daga ni sai shanu, ka ce ka kwance. Ka sha furarka, Malam, rana tana yi."

Ya rako ni har bakin hanya. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Amma na ji abin da ya ce.

Akwai taron raba kyaututtuka na ƙarshen shekara, a zauren nan dai na Jega, ƙarshen watan gobe. Ki sa ni a addu'a. Ban taɓa jin tsoron lasifika ba sai bana.

Kawunki,
Tukur.

Maiyama,
23 ga Satumba, 2024.

Naja'atu,

Salamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da fatan rubutun digiri yana tafiya. Mu nan lafiya, an fara yankan gero, sabon zango ya kama. Mahaifiyarki ta yi zazzaɓi kwana uku amma ta warware, jiya ma ita ta dafa mini shayi. Na san ta ba ki labari a waya, amma ita daga bakin mutane ta ji. Ga shi daga bakina.

Na aika wa Malam Ya'ƙub da ranar taron ta hannun goggon Munira. Ban samu amsa ba. Shugaban kwamiti ya ƙi sa sunana cikin masu jawabi. Sai dai ni anka ba aikin kiran sunayen waɗanda sunka ci kyautar kimiyya, don haka lasifika ta zo hannuna ko ana so ko ba a so.

Da na miƙe na duba bayan zaure. Yana nan kusa da ƙofa, da sandarsa, shi kaɗai.

Na aje takardar sunaye. Na yi magana da Hausa. Na ce a wanga zaure, a watan Fabrairu, na yi wa ɗalibata Munira Ya'ƙub tambayar da ba ta cikin takarda, ta ba da amsa daidai, na ce ba daidai ba ne. Na ce duniya ta fi nisa da rana a farkon Yuli, kamar yadda ta faɗa, kuma duk wanda na koya wa Janairu cikin shekara ashirin da tara ya je ya gyara, ya gaya wa 'ya'yansa. Na ce 'yan Aliero ba su da laifi, kofinsu nasu ne, alƙali ne ya karkace. Sannan na zo wurin da ya fi wuya. Na ce na yi wa ruga ba'a don in rufe jahilcina, alhali a ranar duk zauren nan mutum ɗaya ne ya san amsar, kuma daga ruga ta fito. Na ce ina roƙon gafararta da ta mahaifinta da ta duk wanda maganar ta taɓa.

Ba a yi tafi ba. Wani ya yi 'yar dariya a tsakiya, ya ga ba mai taya shi ya yi shiru. Shugaban kwamiti yana ta kallon agogonsa. Na ɗauki takarda na kira sunaye kamar yadda anka sa ni. Na kira sunan wata yarinya sau biyu ban sani ba.

Da anka tashi wasu malamai sun kauce mini, wasu sun ba ni hannu ba su dube ni ba. Wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu shi ma malami ne a Jiga Birni, ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ni ma Janairu nake koyarwa." Ban san ko in yi dariya ko in yi kuka ba.

Na tarar da Malam Ya'ƙub a waje yana jiran mota. Ya ba ni hannu, ya riƙe nawa ya ɗan daɗe. Ya ce, "Na ji, Malam. Wannan karon ma duka na ji." Sai ya ce in an koma makaranta za ta zo. Na fara godiya, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

Ya ce, "Amma ta ce in roƙa mata abu ɗaya. Ta yafe maka, ta ce in faɗa maka haka. Sai dai ba ta son zama ajinka. Ta ce in ta gan ka a gaban allo, dariyar nan take ji."

Aji uku kashi biyu ne a makarantarmu, ɗaya nawa, ɗaya na Malama Salima. Sunan Munira ya faɗo a nawa. Ranar da anka dawo na je ofishin shugaban makaranta na nemi a mayar da ita. Ya ce sai malamin ajin ya sa hannu. Na ce ai ga shi a tsaye. Na sa.

Na yi zaton zan samu shekara guda in gyara abin da na ɓata, in ba ta littattafai, in shirya ta jarrabawa, a ce ɗalibar Malam Tukur ce. Wannan ma son kai ne, na gane daga baya. Ba ni zan koyar da ita ba. In mun haɗu a filin makaranta tana rusunawa ta gaishe ni, in amsa, ta wuce.

Ajin Malama Salima yana jikin nawa, bango ɗaya ya raba mu, kuma saman bangon bai kai rufi ba. Ran Alhamis ina rubutu a allo na ji Malama ta yi tambaya a kan yadda ruwa ke zama gajimare. Sai na ji muryar Munira, a hankali da farko, sannan ta buɗe. Na tsaya da alli a hannu har ta kai ƙarshe. Yarana suna kallon bayana, ɗaya ta ce, "Malam, lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau. Ku yi shiru ku saurara, amsar da ake bayarwa can daidai ce."

Ki gaida mutanen Nsukka. In kin zo hutu ki biyo ta Maiyama.

Kawunki,
Tukur.